'Yar Ladi ta Gidan Diyoskoriya

Bana ruwa ya yi mana nawa. Hadari sai ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, ya yi ta cika baki da tsawa, mu kwashe shanya, mu kora awaki ɗaki, sannan ya wuce abinsa ya je ya wanke wa masu kuɗin Maitama motoci. Mu nan Jiwa sai dai mu shaƙi ƙanshin ƙasar wasu. Ranar nan ina zaune a gindin mangwaron ƙofar gida ina fifita da guntun kwali, sai ga jikata Bilkisu, 'yar ɗana Sani, wadda ke karatun tsirrai a jami'a. Ta zauna a gefen tabarmata da wani littafi mai kaurin bulo, ta kama nanata wasu kalmomi kamar mai kiran iskoki.

Na ce, "Malama, in ruƙiyya ce ki matsa gaba, ni ba kowa a kaina."

"Kaka, jarrabawa gare ni. Ka ƙyale ni."

"A kan me?"

"Jinas."

Ya kamata mai karatu ya san da wanda yake tare. Ni ba jahili ba ne. Na yi aji huɗu cur a firamare kafin ni da hedimasta mu fahimci juna, kowa ya kama gabansa. Har yau ina rubuta sunana da lanƙwasa a ƙarshe. Saboda haka na gyara zama na ce mata, "Wannan ai jinsi ne, Bature ya ɗauka ya sa masa wando."

Ta yi dariya ta ce na kusa, amma ban isa ba. A bakin mutane, in ji ta, jinsi kowane irin rukuni ne na abubuwan da suka yi kama: jinsin maza, jinsin tsuntsaye, jinsin mutanen da ba sa gaishe da kowa. A karatunsu kuwa kalmar tana da iyaka. Kowace halitta, dabba ko tsiro, suna biyu ake raɗa mata. Na farko sunan gida, shi ne jinas ɗin. Na biyu sunan ɗan gidan shi kaɗai. Gidaje da yawa kuma su suke haɗuwa su zama dangi.

"Kamar zaki da damisa," ta ce, "gidansu ɗaya. Kyanwa danginsu ce, amma gidanta daban. Doki da jaki ma gida ɗaya."

"Wannan kada ki bari doki ya ji."

"Tumatir da gauta da dankalin Turawa gida ɗaya. Amma dankalin Hausa ba ruwansa da na Turawa, suna kawai suka haɗa."

Na ce wannan na gane, don na san Alhaji Musa biyu a kasuwar Wuse, ɗaya yana ba ka bashi, ɗaya ko sallama sai ka biya. Sannan na tambaye ta abin da ya dame ni. "To doya fa? 'Yar gidan wa ce?"

"Diyoskoriya."

"Ƙarya ne. Wannan sunan kamfanin kwangila ne, na taɓa ganinsa a jikin tifa."

Sai ta ciro waya ta shiga nuna mini 'ya'yan gidan, ashe suna da yawa. Ga doyarmu ta sakwara, ga mai ruwa-ruwa, ga wadda ke 'ya'ya a sama jikin yaɗo. Tana ta turawa da yatsa har ta zo kan wata doguwa, siririya, karkatacciya, duk jikinta saiwa da ƙaya. Na riƙe hannunta.

"Ladi!" na ƙwala kira. "Fito ki ga 'yar uwarki a waya!"

Ladi matata ce, kakar Bilkisu. Ta fito daga madafi tana goge hannu a zane, ta kanne ido ta duba, ta ce, "Wannan ba ta nuna ba, wanda ya haƙo ta bai san aikin ba." Ta juya ta koma wurin tukunyarta. Bilkisu ta bi ta da kallo, ta dawo ta dube ni. Na ce ta rufe littafin, yau darasin daga wurina zai fito.

Zamanin farar hula ne na wancan karo, kafin soja su sake dawowa. Kuɗin mai na yawo a ƙasa kamar ba za su ƙare ba, kuma a bayan duwatsunmu ake ginin sabon babban birni. Daga gonata kana jin gurnanin katafila tun hantsi, kana hango tifa na bin tifa da yashi. Samarin Jiwa duk sun jingine garma sun tafi lebura. Ranar Lahadi su dawo da burodi da kifin gwangwani da shinkafa 'yar waje, fara fat kamar an wanke ta da bula.

Ni ban tafi ba. Zan so in ce hangen nesa ne, amma Ladi na raye, za ta ƙaryata ni. Mahaifina Bakatsine ne, fatauci ya kawo shi nan, ya ga ƙasar doya ya ajiye jakinsa. Da ya rasu ya bar mini abu uku: gona, da irin doya, da Inna, wato mahaifiyata. Wanda bai taɓa noman doya ba sai na yi masa bayani. Irin hatsi kana iya ƙulle shi a bakin zane ka manta. Doya kuwa abincin shi ne irin. Abin da za ka binne a ƙasa shi ne abin da cikinka ke kuka a kai. In ka cinye shi ka cinye gonar baɗi, kuma a shekarar wahala ba wanda zai ba ka nasa, ko da uwa ɗaya kuke.

Ladi kuwa 'yar Ushafa ce, 'yar gidan masu ginin tukwane. A kasuwa na fara ganinta da tulu a kafaɗa, don su Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, sun ce kai ya isa da nasa aikin. Ba zan rubuta Hausarta daidai yadda take fitowa ba, domin har yau in ranta ya ɓaci "ke" take ce mini. Inna ba ta taɓa zaginta ba, Allah ya sani. Magana ɗaya ce da ita, tana faɗarta a hankali kamar mai addu'a: "Yarinyar kirki ce, amma ba jinsinmu ba ce." In miya ta yi gishiri, ba jinsinmu ba ce. In ta ɗauko itace a kafaɗa, ba jinsinmu ba ce. In miyar ta yi daɗi, sai Inna ta yi shiru ta ƙara.

A waccan shekara ruwa ya sauka da wuri, ya ruɗe mu. Muka shuka, doya ta tsiro ta kama hawan sanda, kore shar, sai sama ta rufe bakinta. Rana ta fito irin wadda tun da safe take da hannu. Tsibin doya, wato tarin ƙasar da muke yi mata, in ka tura hannu ciki sai ka ji kamar murhun da aka kashe yanzu. Ganye ya naɗe, ya yi ruwan toka, in iska ta taɓa shi sai ka ji ƙaras-ƙaras. Muka yi roƙon ruwa a filin Idi, Kiristoci suka yi a cocinsu, tsofaffin gargajiya suka yi nasu a gindin dutse. Ruwan ya zo a makare, ya kuma zo kaɗan, don haka ba wanda ya sami bakin yi wa wani gori.

Da kaka ta yi muka haƙa. Doyar da a da mutum ke rungumo ta kamar jariri, ta fito kamar dunƙulen hannu. Dawa ta yi kai ba ido. Muka ware mafi lafiya a matsayin iri, muka jera a rumfar ciyawa bayan ɗakina, muka barbaɗa toka saboda ƙwari. Sauran muka ci a hankali, amma ko tsakiyar rani bai kai mu ba.

Daga nan tuwo ya koma na dare kaɗai. Sannan ya koma kunu. Sannan kunun ya tsinke har kana ganin hancinka a ciki. Rafi ya ƙafe, mata suna tone yashi su tsuguna su jira ruwa ya tsatso, ƙwarya na bin ƙwarya. Zafin bazara ya shigo, bango ya ɗauki zafi ya riƙe, tabarma ta zama kamar kaskon tuya. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Gidan da ba abinci ba ya ƙara. Turmi ya daina magana, kaji ma sun daina faɗa don ba abin yin faɗa a kai. Sani a lokacin bai daɗe da yaye ba. Wuyansa ya zama kamar sillen kara, gashinsa ya soma ja, kukansa ma ya rage ƙarfi. Kuma duk wannan, doya na nan jere a bayan ɗaki. In ka zaga, ƙanshinta sai ya bi ka.

Wata Lahadi sai ga Tanko, abokina tun na kaciya, wanda ya tafi lebura da wuri. Ya shigo da baƙin tabarau da hular kwano ruwan ɗorawa, wadda ko alwala zai yi sai an roƙe shi ya cire. Ya zaga bayan gida ya dawo yana riƙe baki.

"Ɗanjuma, kai wane irin mutum ne? Abinci a bayan ɗakinka kana hamma? Matan da ke dafa wa leburori suna neman doya ido rufe. Kai musu, ka zo in haɗa ka da oga. Noma ya ƙare, malam. Nan gaba sakwara ma a jirgi za a riƙa kawo ta, da miyarta."

Na ce masa zan yi tunani. Mutumin kirki ne Tanko duk da hular, ya bar wa Sani burodi da kifin gwangwani. Kafin ya tafi na ari hular na gwada, na leƙa madubin Ladi. Gaskiya ta yi mini kyau. Ina juyowa na ga Ladi a bakin ƙofa tana kallona. Na cire na miƙa masa kayansa.

Burodin ya ƙare. Wata safiya Inna ta zauna a tsakar gida da Sani a cinyarta, ta kira ni.

"Ɗanjuma, ɗauko doyar nan."

"Inna, iri ne."

"Na san iri ne. Ni na taya ubanka ɗauko shi kafin a haife ka." Ta ɗaga hannun yaron, ta sake shi, ya faɗo kamar tsumma. "Wannan kuma shi ba iri ba ne?"

Na tashi na nufi rumfa. Sai Ladi ta zo ta durƙusa a gaban Inna, gwiwa biyu a ƙasa, abin da ba ta saba yi ba sai da Salla.

"Inna, ki ba ni zuwa la'asar. In ban kawo abin da za a dafa ba, ni da hannuna zan fere ta."

"Daga ina za ki kawo? Daga Ushafa?"

"Daga dutse."

Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. Ladi ta miƙo mini dagi, ƙarfen nan na haƙa rami, ta saɓa kwando a kafaɗa ta yi gaba. Na bi ta a baya a matsayina na mai gida.

Muka hau dutsen da ke arewa da gari. Ni ina ta duban ƙasa, tunda doya aka ce. Ita kuwa sama take kallo, kan itatuwa. Can ta tsaya ta nuna mini wani busasshen yaɗo siriri kamar igiyar guga, ya naɗe reshe, da wasu 'ya'ya masu fiffike kamar takarda suna reto. Ta bi shi da yatsa a hankali, don in ya tsinke ka rasa hanya, har inda ya shige tsakanin duwatsu. Ta ce, "Malam, haƙa nan."

Na haƙa. Jama'a, na haƙa. Ƙasa kamar siminti, ga ƙaya a jikin saiwar tana yagar yatsu, ga gumi na shiga ido. Abin nan ba ya faɗi, ƙasa kawai yake nutsawa, kamar wanda ake bin sa. Sai da na kwanta rub da ciki na zura hannu har kafaɗa. A saman dutse kuma gwaggon birai sun jeru suna kallonmu, babbansu yana yi mini wani irin duba na mai kanti da ya kama ɓarawo. Daga ƙarshe ta fito, doguwa, karkatacciya kamar sandar tsohuwa, ga gashi ga ƙaya. Ita ce dai wadda Bilkisu ta nuna mini a waya.

Da na ga an dace sai na zama gwani, na hango wani yaɗon na ruga da dagi. Ladi ta daka mini tsawa. Ta tsinto busasshen ganyensa ta buɗe a tafin hannu. "Wannan mai ganye uku-uku ce. 'Yar uwarta ce, amma in ka ci ta yau, gobe da safe za a yi maka salla." Na tambayi Bilkisu ko ita ma wannan 'yar gidan Diyoskoriya ce, ta ce ƙwarai kuwa. Na ce ban yi mamaki ba, kowane babban gida yana da irin wannan ɗan.

Wani abu na ga Ladi tana yi. Duk wadda muka haƙo sai ta yanke kan. Ɗaya ta mayar rami ta rufe, ta ce na dutse ne. Na gaba ta ƙulle a bakin zane. Na tambaya, ta ce, "Ba na ci ba ne," ta ci gaba da tafiya.

Kafin la'asar muna gida. Inna ta leƙa kwando ta ja baya. "Abincin biri za ki ba jikana?"

Ladi ta jawo kwandon gabanta. Ta zaɓi ƙasan doyar, inda ya fi taushi, ta fere, ta dafa ta zubar da ruwan, ta sake dafawa da ɗan ruwan toka ta sake zubarwa. Ta ci da kanta a gaban Inna, ta zauna ta naɗe hannu ta jira inuwa ta matsa. Sannan ta dama da ɗan manja da gishiri ta ɗauki Sani. Ya yamutsa fuska a loma ta farko. A ta biyu ya kama hannunta da hannu bibbiyu.

Inna ta ce ita azumi take yi. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Washegari na shiga madafi neman wuta na tarar da ita tana kankare gindin tukunya da yatsa. Muka gaisa cikin mutunci, ba wanda ya ga wani.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, abin nan ba daɗi. Yana da ɗaci can ƙarshen harshe, da santsi, yana kuma ƙaiƙayin maƙogwaro. Amma in ya sauka ciki sai ya zauna daram kamar dutse, kuma abin da muke nema ke nan. Haka rayuwarmu ta koma. Da asuba mu hau dutse kafin rana ta farka. Da hantsi Ladi ta yayyanka wajen kan, wanda ya fi ɗaci, ta zuba a kwando ta kai rafi ta binne a jiƙaƙƙen yashi, ya kwana biyu yana zubar da fushinsa. Da rana mu shige inuwa kamar ƙadangaru. Matan unguwa suka ga hayaƙi na tashi a gidanmu suka zo tambaya, Ladi ta kwashe su, masu lulluɓi da masu zuwa coci, ta koya musu kallon sama da ƙirga ganye. Sai ga rafi ya cika da kwanduna, kowace ta kafa kara a kan nata. Ɗorawa ta nuna muka haɗa da garinta, bakin yara duk ya yi rawaya. Wuyan Sani ya soma dawowa. Irin doya kuwa yana nan a rumfa, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ranar da ruwan fari ya sauka ba wanda ya shiga ɗaki. Ɗigon farko ya faɗi a ƙasa ya yi cuu kamar a kan tanda, ƙanshi ya tashi irin wanda har yau in na ji sai yawuna ya tsinke. Yara suka yi ta kamun shinge. Muka yi gayyar tsibi, amma gayyar tsofaffi da mata, tunda masu ƙarfi suna can suna cakuɗa siminti. Mai kiɗan ma tsoho ne, in ya buga kaɗan sai ya zauna ya yi tari. Duk da haka muka tada gonar.

Sai dai irin da muka sha wahala a kansa ko rabin gona bai cika ba. Na tsaya ina kallon sauran tsibin, wayam. Sai ga Ladi da tukunya cike da toka, a ciki kawunan nan ne da ta yi ta ƙullewa, duk sun fito da ido. A ɗaya hannun kuma tsohon tulun da ta zo da shi gidan aure, wanda ya tsage. Ta ɗaga shi ta maka da ƙasa. Ta riƙa ɗaukar tsingaro, wato guntayen tulun, tana tura mai faɗi can cikin tsibi, ta zuba ƙasa, ta ɗora kan doyar a sama.

"Wannan kuma wane irin tsafi ne?" in ji ni.

"Ba tsafi ba ne, tarbiyya ce. Ita hanya ɗaya ta sani, ƙasa, don gudun biri. In ta tarar da wannan a gabanta sai ta tsaya ta yi ƙiba. Haka kakata ke yi."

Labari ya kai wa Tanko. Ranar Lahadi ya zo har gona, ya yi dariya har hular ta faɗi. "Jama'a ku zo ku gani, Ɗanjuma ya buɗe wa birai kanti!" Daga ranar aka raɗa wa wannan ɓangaren gona Unguwar Birai. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Mai unguwa, ya jama'arka?" Ni kuwa in ce suna gaishe da 'yan uwansu.

Irin gidanmu ya yi kyau a wannan damina, shi ya tsayar da mu da ƙafa, kuma daga gare shi muka sake cika gona. Ta dajin kuwa da farko kunya ta ba mu. Ta fito a baje kamar tafin hannu, ga yatsu, ga ɗacin nan yana nan. Ladi ta ce a sake binnewa. Damina ta bi damina, da yawansu suka ƙi, 'yan daji ne har abada, muka sallame su. Amma akwai layi ɗaya kusa da suri da ya riƙa sauka daga fushi. Ƙayar ta ragu, jiki ya cika, ciki ya yi fari, ɗacin ya tattara ya koma can wajen kai. Kuma ta riƙe abu ɗaya na gidan ubanta: in ruwa ya ɗauke, sauran doya su yi laushi, ita ko a jikinta.

A tsakanin nan soja suka dawo, kwangila ta tsaya cak, aka sallami leburori. Tanko ya dawo gida da hular kwano, ba iri ko na rantsuwa, don nasa tuni ya bi ta cikin leburori. Wata rana na gayyace shi cin abinci. Ladi ta daka sakwara, fara sol, tana danƙo, da miyar agushi. Ya ci, ya ci, ya saki maɓallin wando.

"Ɗanjuma, wannan wace doya ce? Ba irin ubanka ba ce."

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa daga bakin ɗakinta. "Abincin biri ne, Tanko. Surukata ta ɗauko ta daga dutse."

Loma na hannunsa, ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya tura ta baki ya miƙa kwano. "Uwargida, in akwai saura a ƙara wa babban biri." Da zai tafi Ladi ta cika masa hular kwanon nan da iri. Wannan ne aiki mafi amfani da hular ta taɓa yi.

Inna ba ta sake faɗin maganar nan tata ba. Akwai ranar da wata 'yar uwarta ta zo daga Katsina, ta ga Ladi da itace a kafaɗa ta taɓe baki ta ce ai dama ba jinsinmu ba ce. Inna ta ajiye mazarinta ta ce, "Wa ya gaya miki? Duk wanda kika gani yana numfashi a gidan nan, daga tukunyarta ya fito." Allah ya jiƙan Inna.

Bilkisu ta sake buɗe littafin. Sannan ta ce littafinsu ma ya san da haka, masana sun ce doyar gona asalinta daga na dajin ta fito, gida ɗaya ne, manoma ne suka yi ta jawo ta a hankali. Na ce madalla da littafi, ya iso. Na tambaye ta yadda ake raɗa suna na biyu. Ta ce wani lokaci da siffar abin, wani lokaci da garin da aka samo shi, wani lokaci da sunan wani mutum don girmamawa.

"To rubuta," na ce. "Diyoskoriya Ɗanjuma. Ni na haƙa. Ga tabon ƙaya."

Daga madafi muryar Ladi ta fito. "Je kasuwa ki ce a ba ki 'yar Ɗanjuma, ki ga abin da za a miƙo miki."

Gaskiyarta. Daga nan har ƙauyukan da ke bayanmu, 'yar Ladi ake ce mata. Ni dai na yi haƙuri, tunda ko a littafin sunan gida ne ke gaba, kuma gidan nawa ne.

Dutsen nan yanzu an fasa rabinsa an yi gidaje masu ƙofar ƙarfe da mai gadi. Biran ban san inda suka koma ba, watakila suna haya a Jikwoyi kamar kowa. Gonata gari ya cinye ta, saura ɗan fili a bayan gida. Shekaranjiya dai ruwan ya tuna da mu, ya kwana yana zuba. Da safe muka fita shuka, ni ina ba da umarni, Bilkisu na riƙe da kwando. Sai ta ga kakarta ta ciro tsingaro daga ƙullin zane tana turawa cikin tsibi.

"Kaka Ladi, ai ta daɗe da zama ta gida. Me kuma za ta yi da wannan?"

"Kada ta tuna da dutse."

Bilkisu ta dube ni da idon nan nata na neman magana. "Shi wannan tsohon fa? Na gida ne ko na daji?"

Ladi ba ta ko ɗago ba. "Wannan? Ai shi na fara sa wa tsingaro. Da ban tare shi ba, da tuni ya nutse wurin lebura da hular kwano. Dubi yadda ya tsaya ya yi ƙiba."

Na buɗe baki zan kare mutuncina a matsayina na mai aji huɗu. Sai na dubi tumbina, na dubi jikata mai karatun jami'a, 'yar yaron nan mai wuya kamar sillen kara. Na rufe bakin, na miƙa wa Ladi wani tsingaron. Ni ma na lura, 'yan shekarun nan ɗacin ya ragu.